Injiniya Kwamit da Jan Rubutu

Mijin autata irin mutanen nan ne da in suka ji kalma da safe, kafin rana ta take sun zama malamanta. A da ban taɓa jin ya ce "ban sani ba". Tun da aka haifi jaririyarsu nake zaune da su a hawa na biyu, ina riƙe ta don Auta ta ƙarasa karatun jinya. A zaman nan na ji ya iya gyaran fanka, na ji ya iya kiwon kifi. Fankar tana bayan ƙofa babu fukafuki. Kifin kuwa har yau maƙwabta ba su manta da warinsu ba.

Mu a saninmu, mijin 'ya in ya ga surukarsa sai ya sunkuyar da kai, ya gaishe ta, ya wuce. Wannan sai ya ja kujera ya zauna ya yi mini lacca.

Wata rana ya shigo yana haki, ko takalmi bai cire ba.

"Inna, wahala ta ƙare a gidan nan. Zan zama mai haɗa manhaja."

"Cire takalmin tukuna. Mece ce kuma manhaja?"

"Abubuwan nan na cikin waya da ake dannawa su yi aiki. Mutane ne ke rubuta su, kuma ba su fi ni kai ba."

"Ka iya?"

"Kalmomin ne kawai, Inna. Duk sana'a kalmomi ce. In ka riƙe kalmomin, hannu zai biyo baya."

"Na san sunan jirgin sama tun ina budurwa," na ce masa. "Har yau ban tuƙa shi ba."

Ya yi dariya kamar na ba shi labarin ban dariya. Ni ba wasa nake yi ba.

Kwamfuta ɗaya ce a gidan, ta Auta ce. A cikinta kundinta na kammala karatu yake, wanda ta yi kan yadda ake kula da gyambon masu ciwon suga. Yarinyar nan ta bi ɗakunan asibiti da ciki, ta bi su da goyo, tana tambayar marasa lafiya tana rubutawa. Makaranta ta ce ƙarshen wata za a miƙa, wanda bai miƙa ba sai baɗi. To wannan kwamfutar ya ce a ara masa, in Auta ta tafi asibiti.

"Don Allah ka bar foldar kundina," in ji Auta. "Ko kallonta kada ka yi."

"Haba, uwar 'yata. Ni da zan kare miki ita?"

Da wani mutum mai saurin magana a bidiyon waya yake koyo. Mutumin ya faɗi kalma, shi ya maimaita da ƙarfi, ya tsallake bayanin, ya wuce kalma ta gaba. In na ce ai bai bari malamin ya gama ba, sai ya ce bayani na masu jinkirin fahimta ne.

Abin da ya fi ƙauna shi ne wani baƙin allo da yake buɗewa a fuskar kwamfutar, babu hoto babu ado, sai rubutu. Ya ce sunansa tamina, nan ƙwararru ke ba na'ura umarni kai tsaye. Sai ya kwafo umarnin daga bidiyo ya zuba, ya buga babban maɓalli da ƙarfi har kofin shayi ya yi tsalle. Da ya gama kowane abu sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Na yi kwamit!" Wai ya adana aikin kenan yadda ba zai ɓata ba. Daga nan sai, "Na yi fush!" Wai ya tura kwafinsa can wata ma'ajiya mai nisa da suke kira rifo.

Ni boko bai zauna mini ba, amma idona ƙalau yake. Na lura duk lokacin da ya ce ya yi fush, sai wani jan rubutu ya fito a allon, layi a kan layi.

"Wannan jan fa?"

"Alamar aiki ne, Inna. Na'urar tana ƙoƙari."

"Ka karanta abin da ya ce?"

"Ƙwararre ba ya karanta wannan. Da gani ya gane."

"A asibitin matarka in na'ura ta nuna ja, gudu ake yi."

"Wannan fannin daban ne."

Ba a jima ba ya sauko da iliminsa ƙasa. A ƙasan benenmu akwai shagon mai aski, kusa da shi akwai kanti. Ta taga nake jin komai, ga jaririya a cinyata. Ya tsaya a ƙofar mai aski ya ce, "Maigida, injin askin nan naka yana da bog."

"Yana da me?"

"Bog. Kuskure a cikin aiki. Haka muke cewa."

"Ku su wa?"

"Mu injiniyoyi."

"Ikon Allah," in ji mai aski. "Shekaranjiya kai likitan kifi ne. Zauna in rage maka sumar nan, ko ita ma ka yi mata kwamit ɗin nan da muke jin kana ihunsa daga sama?"

Masu jiran layi suka kwashe da dariya. Daga ranar sunan ya bi shi. Yara in sun hango shi sai su ɗaga hannu sama su ce, "Injiniya Kwamit!" Shi kuma ya ɗaga musu nasa, yana tsammanin girmamawa ce.

Mai kanti mutum ne mai haƙuri, shi ya sa ya fara cin wuya. Yana da 'yar na'urar da ke fitar da rasit, wani lokaci tana maƙalewa. Injiniya ya ce a ba shi minti kaɗan. Ya haɗa ta da kwamfutar Auta, ya buɗe baƙin allonsa, ya zuba wani umarni da ya koya da safiyar nan, wai shi luf, mai sa na'ura ta maimaita abu. Yadda ake fara maimaitawar ya koya. Yadda ake tsayar da ita yana cikin bayanin da ya tsallake. Na'urar ta kama fitar da takarda, kowane layi an rubuta "Sannu duniya". Takarda ta sauko daga kan tebur, ta bi ta kan buhun sukari, ta nufi ƙofa.

"Tsayar da ita!" in ji mai kanti.

"Tana gwaji ne."

"Duniyar ta amsa, don Allah tsayar da ita!"

Sai da mai aski ya shigo da almakashi a hannu ya fizge wayar wutar. Ya tattara takardar ya naɗa wa Injiniya a wuya ya ce, "Ga shaidar kammala karatunka."

Da wani mai kunya ne, da ya kwana biyu bai fito ba. Shi da ya hau sama sai ya ce mini an samu ci gaba, yanzu ya tabbata luf yana aiki.

Abu na gaba, kwamfutar ta fara nishi. Duk abin da mai bidiyo ya ambata sai ya sauke shi ya cusa mata, har ta koma tana huci kamar mai hawan dutse. Na shiga kicin na tarar ya buɗe firij ya ɗora ta kusa da madarar jaririya.

"Fitar da ita kafin in fitar da kai."

"Sanyaya ta nake yi, Inna. Manyan kamfanoni ma haka suke yi."

"Manyan kamfanoni ba su da jikata."

Da wurin ajiya ya ƙare a cikin kwamfutar, sai ya ɗauki ɗan filashin da Auta ke ajiye kwafin kundinta, ya share shi tas, ya zuba tarkacensa. Auta ta dawo daga asibiti ta gani, ta zauna a bakin gado da kayan aikinta a jiki.

"Wa ya ce ka taɓa filashina?"

"Filashi! Wa ke amfani da filashi yanzu? Na sa foldarki a rifo. Kullum ina yi mata kwamit, ina yi mata fush. Ko gidan nan ya ƙone, kundinki yana nan."

"Gidanku dai," na ce. "Bakinka ya sari abin da ya fi ƙarfinsa."

Auta ta gaji, ga jaririya na kuka, ga shi yana zuba kalmomi kamar famfon da ya lalace. Ta buɗe foldar ta ga kundin yana nan, ta ce gobe za ta sayi wani filashin. Gobe ta zo da aikin asibiti, jibi ma haka. Na tuna mata, ta ce, "Inna, ai ya ce ya adana." Ba na shiga tsakanin mace da mijinta sai in an kai bango.

Sai ga babban shirin. Mai kanti yana da ƙanwa, ita wannan aikin na manhaja shi ne sana'arta ta gaske, a wani kamfani take. Injiniya ya ji za ta zo ganin yayanta ranar hutu. Nan take ya yanke shawarar buɗe makaranta a ranar, a filin gaban bene, ita ce babbar baƙuwa.

"In ta ga abin da na iya, Inna, da kanta za ta roƙe ni in zo kamfaninsu."

"Makaranta? Kai da ba ka gama zama ɗalibi ba?"

"Ina gaban ɗalibaina da bidiyo ɗaya. Ya isa."

Ya aro kujerun roba. Ya kinkimo talabijin ɗin mai aski ya haɗa da kwamfutar don kowa ya ga allon. Ya sa kwat a cikin zafin nan, har da tabaran da ba na ciwon ido ba. Mutanen layi suka cika wurin, don an san duk inda yake ba a rasa abin kallo. Ni ma na sauko da jaririya a kafaɗa na zauna a gefe. Auta tana asibiti, sai la'asar za ta dawo. Baƙuwar ta zo, yarinya mai natsuwa, ta durƙusa ta gaishe ni kafin ta zauna. Nan na san an yi mata tarbiyya.

Ya fara da karatu. "Ku ce tamina!"

"Tamina!"

"Ku ce rifo!"

"Rifo!"

"Ku ce kwamit!"

Nan fa wuri ya kaure, yara har da tsalle. Mai aski ya ɗaga hannu. "Malam, tambaya. In mun haddace duka, sai mu yi me da su?"

"Sai ku faɗe su a inda ya dace."

"Wato irin yadda kake yi."

"Daidai!"

Baƙuwar ta rufe baki da gefen mayafinta. Shi ya ɗauka burge ta ya yi, sai ya ƙara kumbura.

"Yanzu zan nuna muku bambancin ƙwararre da ɗan koyo. Ɗan koyo yana tsoron goge abu. Ƙwararre ba ya tsoro, don ya san ya yi fush. Kun ga wannan foldar? Kundin matata ne, aikin da ta sha wuya a kansa. Zan goge shi a gabanku, in dawo da shi da kalma ɗaya."

Na miƙe tsaye. "Kai! Ka bar wannan foldar."

"Inna, zauna ki sha kallo."

Baƙuwar ma ta ɗaga hannu. "Yallaɓai, da dai ka gwada da wata foldar da babu komai a ciki. Ko ka bari in duba rifon tukuna."

"Ƙanwata, na san kin saba da masu koyo. Kwantar da hankalinki."

Kafin in ratsa kujerun in kai gare shi, ya zuba umarnin ya buga maɓallin nan nasa. Ya juya talabijin ɗin yadda kowa zai gani. Inda foldar take babu komai.

"Ta tafi!" ya ce, yana washe baki. "A tafa mini."

Wasu suka tafa. Daidai nan Auta ta shigo layin da jakarta a kafaɗa, ta tsaya a bayan taron.

"Yanzu sai dawowa. Kalmar ita ce ful, wato jawo abin da ka tura. Ku ce ful!"

"Ful!"

Ya buga. Jan rubutu ya fito.

"Tana ƙoƙari," ya ce. Ya sake bugawa. Ja. Ya cire tabaran ya goge a kwat, ya sake. Ja dai.

"Injiniya," in ji mai aski, "ko mu ƙara faɗa da ƙarfi? Wataƙila ba ta ji ba."

"Matsalar netwok ce."

"Netwok cike yake," in ji mai kanti, yana ɗaga wayarsa.

"To wutar ce ba ta da ƙarfi."

"Da ita na yi aski yanzu."

Gumi ya jiƙa wuyan kwat ɗin. Baƙuwar ta tashi ta zo gaban allon ta ce a ba ta wuri. Ta ja rubutun sama, ta yi ta ja. Ja ne a jere tun daga ranar da ya fara.

"Yallaɓai, ka taɓa karanta wannan?"

"Ai da gani..."

"Bari in karanta wa jama'a. Cewa yake yi, ba a faɗa mini inda zan tura ba. Kullum abin da yake faɗa maka kenan. Har ya rubuta maka yadda za ka gyara, ga shi a layi na ƙasa."

"Amma na yi kwamit!"

"Ka yi. Kwamit ajiya ce a cikin foldar kanta. Fush ne ke fitar da kwafi waje, kuma naka ko sau ɗaya bai fita ba. Da ka goge foldar, har da ajiyar ka goge."

"To a duba kwandon sharar kwamfutar," in ji mai kanti. "Ni ma na san wannan."

"Yaya, abin da aka goge ta tamina ba ya biyawa ta kwando."

Auta ta ratso mutane, suna matsa mata, ta zo ta tsaya gaban talabijin tana kallon inda foldarta take a da. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi mijinta ta ce, "Abu ɗaya na roƙe ka."

"Uwar 'yata, wannan ƙaramin bog ne..."

"Ka ƙara faɗin kalma ɗaya daga cikin kalmomin nan," na ce, "in nuna maka abin da ban taɓa nuna wa suruki ba."

Ya haɗiye sauran. Ya ja da baya don ya ba Auta wuri, ƙafarsa ta harɗe da wayar talabijin, ya tafi da baya cikin kujerun roba, talabijin ya biyo shi. Allah ya sa mai aski ya cafke abinsa a sama. Injiniya kuwa babu wanda ya cafke shi. Yana kwance ƙafa a sama, wani yaro ya leƙa fuskarsa ya tambaya ko gobe ma akwai makaranta.

Baƙuwar ta tafi da kwamfutar wurin aikinsu, ta yi iya ƙoƙarinta. Abin da ta ceto bai taka kara ya karya ba. Malamar da ke duba kundin tana da rabin farko a takarda. Rabin ƙarshe, inda duk wahalar take, sai dai Auta ta sake shi daga 'yan rubuce-rubucenta na asibiti da abin da ya rage a kanta, ga ƙarshen wata ya matso.

Na tara su a falo na yanke hukunci, ban nemi shawarar kowa ba. Auta za ta zauna ta yi rubutu, ba za ta taɓa tukunya ko bokiti ba sai ta miƙa kundi. Girki, wanki, shara da wankin ƙyallen jaririya duk sun koma hannun wanda ya goge. Kwamfuta kuwa, in ya matso kusa da ita da taku ɗaya, kayansa za su riga shi sauka ƙasa.

"Inna, ni fa namiji ne. Me mutane za su ce?"

"Mutane sun gan ka ƙafa a sama. Babu sauran abin da za su ce."

Haka aka yi. Na sa kujera a ƙofar kicin na zauna ina sa masa ido. Ranar farko ya ce shinkafa ba ta buƙatar awo, ƙwararre da ido yake gani. Na bar shi. Da ta ƙone na sa ya cinye ƙanzon shi kaɗai, ya kankare tukunyar. Ya shanya fararen kayan aikin Auta tare da jan tawul jiƙe, suka fito kamar an yi musu ƙunshi, na sa ya sake wankewa har sai da yatsunsa suka yi fari. In tukunya ta fara ƙauri sai in ce, "Ga jan rubutunka can. Za ka karanta, ko tana ƙoƙari ne?" Sai ya ruga.

Auta ta rame, idanunta suka faɗa, amma ta gama. Ranar ƙarshe ta miƙa kundin, saura kaɗan a rufe ofis. Kwafi kuwa ta ajiye a filashi, ta ajiye wurin ƙanwar mai kanti, wadda ta zaunar da ita ta nuna mata yadda ake fush na gaskiya. Auta ta ce abin bai fi ƙarfin kowa ba, in dai mutum zai tsaya ya karanta abin da allon ya ce.

A ranar ne, yana kwashe kwanuka, ya ɗago wani abu daga kwando ya juya shi, ya sake juyawa. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"Inna, wannan mene ne sunansa? Ban sani ba."

Na daɗe ina kallonsa. Tun da ya auri 'yata ban taɓa jin wannan magana a bakinsa ba.

"Matankaɗi," na ce. "Da shi ake tankaɗe gari. Kawo in nuna maka yadda ake riƙe shi."

"A'a, bar shi, Inna. Na gane."

Ya ajiye shi ya sauka zubar da shara. Ban kai ga gyara wa jaririya kwanciya ba na jiyo muryarsa ta taga, a ƙofar mai aski.

"Maigida, ka san matankaɗi? Ba ka sani ba. To gidan abinci zan buɗe. Girki duk kalmomi ne."

Na kwantar da jaririyar, na je na kulle kicin, na ɗaure makullin a bakin zanena.